Godiya ga waɗanda suka maido wa jitata da muryarta kafin bikin ƙanwata

Assalamu alaikum. An gama biki lafiya, amarya ta tare, baƙin da suka zo daga Gusau da Birnin Kebbi duk sun koma gida lafiya. Alhamdu lillahi. Da yawa kun ji kiɗan da na yi daren liyafa, kun kuma yaba, amma saura kwana tara a yi taron jitar nan ko taɓuwa ba ta yi. Shi ya sa na zo in gode a bainar jama'a.

Jitar ba irin wadda kuka saba gani ba ce. Yayana ne ya kawo mini ita daga Ingila, kuma duk Sakkwato ban taɓa cin karo da irinta ba. A cikinta akwai faifan alminiyom mai siffar malfa, faɗinsa inci 9 da rabi, marar kauri ƙwarai, shi ke ƙara sauti kamar lasifika ba tare da lantarki ba. John Dopyera ne ya ƙirƙiro irinta a Amurka, kamfanin National ya fara sayar da samfurin farko, mai ƙananan faifai uku, a 1927, lokacin da ƙahonin 'yan badujala ke danne muryar jita. A ƙoƙon faifan akwai ɗan katako zagayayye, a kansa kuma abin da masu goge ke kira jaki, inda tsirkiyoyi shida ke hawa. Nauyinsu duka a kan wannan faifai yake sauka.

Da hunturu ya kankama sai tsirkiyoyin suka yi sama. Na sa rula a gaɓa ta 12, wato ta 12 cikin ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita, na ga babbar tsirkiya ta haura milimita 4 daga ƙarfen gaɓar. Da wuyan kwalba a yatsa, ana zamar da shi a kan tsirkiyoyi, ana iya lallaɓawa, amma dannawa da yatsu sai ka ji kamar wayar shanya kake matsawa. Gaggawa ta sa na kai wa wani mai gyaran kayan kiɗa. Bai duba wuyanta ba, ya ɗauki magagari ya cinye jakin. Da na dawo gida na kaɗa, sai wani zizar ƙarfe kamar ƙuda a cikin gwangwani, amon nan mai cika ɗaki ya tafi. Na yafe masa, shi ma bai taɓa ganin irinta ba. Amma a daren nan ban yi barci ba, don na yi wa ƙanwata alkawarin zan kaɗa mata waƙar da Inna ke yi mana muna yara.

Godiyata ta farko ga wani malamin kiɗa da ke Jos, wanda abokina ya haɗa ni da shi ta WhatsApp. Bai san ni ba, amma ya zauna da ni fiye da awa guda a kiran bidiyo. Ya ce in danne tsirkiya a gaɓa ta farko da kuma inda wuya ya haɗu da jiki, in leƙa tsakiya. Ratar da ta kamata tsakanin tsirkiya da ƙarfen gaɓa ba ta wuce kaurin katin gayyata ba, tawa kuwa ta ninka haka. Ashe bushewar iska ce ta sa katako ya tsuke, wuyan ya lanƙwaso gaba, jakin ba shi da laifin komai. Ya sa na juya sandar ƙarfen da ke cikin wuyan rubu'in zagaye kawai, ya ce in bar ta ta kwana kafin in ƙara. Malam, Allah ya ƙara basira.

Sai Baba kafinta na unguwarmu, Mabera. A nan zan daɗe, don shi ya yi aikin da ya fi wuya. Na kai masa tsohon jakin a cikin leda, ya jujjuya shi a tafin hannu ya ce, "Ɗana, wannan ai an yi mishi aski ya wuce wuri." Ya ajiye ƙyauren da yake yi wa wani, ya tono guntun icen kanya busasshe da ya daɗe a ƙarƙashin bencinsa. Na gaya masa ƙa'idar da malamin ya ba ni, cewa duk milimita 1 da kake son ragewa a gaɓa ta 12, milimita 2 za ka cire daga jaki. Baba ya saurara, ya ce to sai mu sassaƙa shi da tsawo, mu riƙa ragewa, tunda abin da aka goge ba ya dawowa. Sau huɗu muna sassauta tsirkiyoyi, mu kwance murfin da ke kan faifan, ya goga jakin da sanfefa, mu mayar, mu ɗaure, mu auna. Kowane zagaye ya kusa cin awa. Ya hana ni dafa faifan, shi kansa da bakin yatsu yake ɗaga shi ta gefe kamar mai ɗaukar ƙwai. A zagaye na biyu ne ya hango ƙurar hunturu ta taru a leɓen da faifan ke zama, ya share ta da gashin kaza, rabin zizar nan ta tafi nan take. Muka tsaya a milimita 3 ta wajen babbar tsirkiya, ƙaramar ta ɗan fi haka ƙasa, yadda yatsa zai danna ba wahala, kwalba kuma ba za ta bugi ƙarfe ba. Da na kaɗa, har yaran shagon suka bar aiki. Na miƙa masa kuɗi ya ture hannuna, wai gudummawarsa ce ta biki. Baba, Allah ya ja kwana, ya albarkaci zuri'a.

Na gode wa ƙanena da ya yi ta zirga-zirga a kan babur har ya samo sababbin tsirkiyoyi da aka aiko daga Kano ta tashar mota. Na gode wa maƙwabta da suka haƙura da gwajin dare. Uwargida kuma ita ta kawo dabarar jiƙa soso a sa a cikin gidan sabulu mai huji a ajiye cikin akwatin jitar, don katakon ya riƙa samun ɗan laima har iskar ta sauya. Allah ya bar mu tare.

Daren liyafa ina fara kiɗan na ga amarya ta ja mayafi ta rufe fuska, gwaggonmu ta kama amshi daga inda take zaune. Allah ya jiƙan Inna, ya ba ma'auratan zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Duk wanda ya taimaka na manta ban ambace shi ba, ya yi mini afuwa.

Guntun icen kanyar da ya rage yana wurina. In akwai mai irin wannan jita a Sakkwato ko kewaye da tsirkiyoyinta suka tashi, ya yi mini magana kafin ya bari a sa mata magagari, in raka shi wurin Baba.