Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Yadda Na Tsara Karatun Attaura

A makon jiya na tsaya a inda na bar Sabon Garin Kano, mahaifata, na koma Abuja a 2019, na fara zuwa wurin ibadar Yahudawa na Gihon da ke unguwar Jikwoyi, domin gidanmu yana cikin Inyamuran da suka yi imani cewa asalinsu daga Bani Isra'ila yake. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ana addu'a da Ibrananci, bakina yana motsi tare da jama'a, alhali ko kalma ɗaya ban fahimta ba.

Da farko na yi garaje. A Janairun 2020 aka soma sabon zagayen Daf Yomi, tsarin da Rabbi Meir Shapiro ya kafa a 1923 na karanta warƙa ɗaya ta Talmud, wato babban kundin muhawarar malaman Yahudawa kan shari'ar addini, kowace rana, har a sauke warƙa 2,711 cikin kusan shekara bakwai da rabi. Na shiga da zumuɗi, amma kafin mako uku na sare, saboda muhawara ce mai zurfi, galibinta kuma da harshen Aramiyanci. Wani dattijo da ya daɗe a Jos ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, da rarrafe yaro kan tashi."

Sai na koma kan baƙaƙe 22, waɗanda ake rubutawa daga dama zuwa hagu. Hakan bai zame mini baƙo ba, tun da na girma ina kallon allunan 'ya'yan maƙwabta, ɗige-ɗigen ƙarƙashin baƙaƙen kuwa aikin wasali suke yi. Wata biyu na yi a kansu.

Daga nan na bi rabon Attaura na mako-mako, kashi 54 a shekara, ina karanta ɗan yanki kowace asuba kafin in buɗe shago, tare da sharhin Rashi, malamin Faransa da ya rasu a 1105, wanda nake samu kyauta a Sefaria, wani shafin intanet na littattafan Yahudawa. Daren Alhamis kuma ni da wani abokina mukan zauna kan Pirkei Avot, littafin nasihohin magabatan malaman Yahudawa, ɗaya ya karanta, ɗaya ya ja da shi, kuma a ganina wannan jayayyar ce ta fi zaunar da karatun a ƙwaƙwalwata. Ranar Juma'a nakan buga shafukan a takarda, domin a Asabar ba ma taɓa waya ko alƙalami.

A Oktoban 2020, da aka dawo farkon Attaura, na kira mahaifina na karanta masa ayar farko da Ibrananci. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in maimaita a hankali, yana so ya biya a bayana.