Darasin gishiri da sukari

Yau da safe wata ɗalibata 'yar JSS 2 ta tare ni a bakin ofis tun kafin asambili, ta ce "Malam, abin nan da ka koya mana na yi wa ƙanina." Wallahi sai da na tsaya cak.

Sati uku da suka wuce ne muka yi darasin gudawa, ban tsaya kan allo kawai ba, na zo da sukari da gishiri da cokali daga gida muka haɗa a gabansu, lita 1 na ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, idan ya kai awa 24 a zubar a sake sabo. Na nanata musu ba gudawar kaɗai ke kashe yaro ba, ƙarewar ruwan jiki ne, shi ya sa idan ido ya faɗa ko yaro ya kasa sha to asibiti kai tsaye.

To ashe cikin dare ƙanin nata ya fara, kyamis a rufe, ita ta haɗa, mamansu tana ba shi kaɗan kaɗan da cokali, gari na wayewa suka kai shi asibiti aka ƙara musu da maganin zinc.

Abin da ke damuna, wannan darasin sau da yawa shi ake turawa firiyod na ƙarshe lokacin yara sun gaji ga yunwa. Gobe insha Allah zan je wajen shugaban makaranta in roƙa a dawo mana da shi safiya.