Ƙoƙon kan da ya hana sauti wucewa

Shekara uku na yi a binciken maganin karkarwa ta hanyar tattara sauti a ƙona ɗan ɗigo cikin ƙwaƙwalwa, amma yanzu da nake tattara kayana, mutum ɗaya ne ya tsaya mini a rai.

Dattijo ne mai cutar Fakinson, hannunsa na dama na karkarwa har ba ya iya kai kofi baki. Ni na tantance shi. Hoton CT ya nuna ma'aunin ƙirar ƙashin kansa, wanda ke nuna yadda sauti zai ratsa shi, bai kai 0.4 ba, kuma duk wanda ke wannan aiki ya san irin wannan ƙashi kan hana sautin isa talamus, sashen da ke can cikin ƙwaƙwalwa inda ake ƙona ɗigon, da ƙarfinsa. Na kai wa shugaban bincikenmu. Ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Mutane muke nema, a saka shi." Na yi shiru, ban rubuta komai ba. Nan na yi kuskure.

Ranar aiki aka aske masa kai tas, aka ɗaure kan da ƙarfe, aka tura shi cikin na'urar hoton MRI, kwalkwali mai bakin sauti 1,024 a kansa, ruwan sanyi na zagaya fatar. Ana so zafi ya haura digiri 55 a ɗigon da bai wuce 'yan milimita ba. Muka yi ta ƙara ƙarfi, zafin ya cije ƙasa da 50. Shi kuwa idonsa biyu, kai na sara masa, zuciya na tashi. Bayan awa uku aka fito da shi. Na miƙa masa takardar zanen da'ira, layin ya fito a wargaje kamar na safe. Ya dube ni ya ce, "'Yata, ko ni ne ban kwanta daidai ba?"

A taron bita shugaban ya ce an yi sakaci wajen tantancewa. Kowa ya san wa ake nufi.

Har gobe na yarda da wannan magani. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 2016 ga wata karkarwa da ba ta Fakinson ba, ga karkarwar Fakinson kuma a 2018, kuma na ga hannaye sun natsu nan take ba tare da an tsaga kai ba. Amma wurin da aka ƙona ba ya dawowa, cutar kuma ba ta tsaya ba. A faɗa wa iyali tun farko. Bayan aikin a tambayi majiyyaci ko tafiyarsa ta taɓu ko leɓensa ya mutu, ba hannu kaɗai ba.

Daga ranar, duk ƙorafina a rubuce yake, da kwanan wata. Mutum biyu na hana a saka. Wadda za ta gaje ni na nuna mata inda fayil ɗin yake.