Ƙarfen da ba a kashe wutarsa da ruwa

Ƙaramin shagon sassaƙar ƙarfe gare ni a Panteka, Kaduna. Yawancin aikinmu baƙin ƙarfe ne da alminiyam, amma jefi-jefi akan kawo mana maganiziyam: jikin giyabos na wasu motoci, kwanson injin yankan itace, har jikin injin tsohuwar Volkswagen Beetle, wanda da shi aka zuba shi tun asali. Mai kaya yakan rantse alminiyam ne. Hannu ke fara gaya mini gaskiya, don nauyinsa bai wuce kashi 2 cikin 3 na alminiyam ba. Sai in kankare gefe, in ɗiga ruwan kal. In ya yi kumfa, maganiziyam ne. Alminiyam ko motsi ba ya yi.

Yankansa akwai daɗi. Inji ba ya nishi, haƙorin da inji ke yanka da shi ba ya saurin dakushewa, fuskar aikin ta fito sumul. Haɗin maganiziyam da muka fi gamuwa da shi shi ne wanda ake kira AZ91, mai alminiyam kashi 9 cikin 100 da zinki kashi 1.

Wannan laushin ne ke rudar yaro sabon shiga. Dunƙulen ƙarfen ba ya kama wuta da sauƙi, amma ɓarɓashinsa da ƙurarsa kamar fetur suke. Haƙori ya dakushe, ya koma goga maimakon yanka, sai zafi ya taru, ka ga farin haske mai kashe ido ya tashi a cikin tire. Ka watsa ruwa, ka ƙara masa ƙarfi, domin ruwan zai saki iskar haidurojin. Tukunyar kashe gobara mai iskar CO2 ma ba ta kashe shi. Busasshen yashi ake zuba masa a hankali har a binne shi, shi ya sa bokitin yashi mai murfi ba ya barin gindin injina, musamman da damina.

Ranar aikin maganiziyam ni nake tsayawa a kan inji. In wasa haƙori, in sa shi ya ci da kauri don ɓarɓashin ya fito manya-manya, babu ruwan sanyaya aiki. Kafin a kama wani gefen sai an share, a zuba a durom na ƙarfe, a rufe, a fitar waje. Dutsen wasa da ya taɓa baƙin ƙarfe kuwa ba ya kusantarsa, saboda tartsatsi.

Abin da ya fi damuna masu haɗa bola ne. Ɓarɓashin nan in ya shiga buhun alminiyam, wajen masu zuba tukwane zai ƙare, inda zai iya kama wuta in an zo narkarwa. Don haka ba na sayar musu da shi ko nawa suka taya, kuma nakan gaya musu dalili.