Taku uku a cikin hanya

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ɗan ƙanena ya ɗauke ni a babur zuwa bayan gari domin in ga filin da ya saya in sa masa albarka. Awon igiya ne, a wata gona da magada suka yanka. Na tarar har an sauke yashi, magini ya kafa turaku ya ja zare, kuma da na dubi zaren sai na ga ya zarce layin gidan da ke kusa da kamar taku uku, ya shiga inda aka bari domin hanya. Na tambaye shi dalili, ya ce shaguna uku zai fitar a gaba, kuɗin hayarsu su ƙarasa masa ginin ciki. Na ce ina takardar izinin gini? Ya yi murmushi ya ce, "Baffa, ai kowa haka yake yi, kuma da kuɗina na saya." Gabana ya faɗi, domin wannan ce amsar da na bai wa maƙwabcina shekara ashirin da ɗoriya da suka wuce.

Nawa filin ma ya fi nasa tsabta, domin awon gwamnati ne, da lamba da taswira, kuma an rubuta ƙarara a takardar cewa na gidan zama ne. Na gina gida na shiga da iyalina. Bayan wasu shekaru unguwar ta cika, titin gabanmu ya fara ɗaukar jama'a, sai na rushe katangar gaba da garejin mota na fitar da shaguna huɗu. Da na ga zurfinsu bai kai yadda 'yan haya ke so ba, sai na matso waje, na rufe kwata da siminti, na ɗora barandar shagunan a kanta. Ban nemi canjin manufar fili ba, ban kai zane an sa hannu ba. Kuɗin aikin kuwa gonar gadonmu ce na sayar da kasona, na haɗa da bashin da na ci a ƙungiyar ma'aikata.

Ba zan ce son zuciya kaɗai ya kai ni ba. Ina da 'ya'ya bakwai a lokacin, albashi ba ya kai tsakiyar wata, kuma ina gani da idona masu hali suna gina abin da suka ga dama a inda suka ga dama, ba wanda ya ɗaga musu yatsa. Wani abokin aikina ya kai takardunsa ta hanyar da ta dace, ya shekara yana zarya. Na ce a raina, talaka ne kaɗai zai bi doka? Har yau idan na tuna halin da nake ciki, nakan ji kamar duk wanda aka sa a matsayina abin da zai yi ke nan. Amma kuma na san ba gaskiya ba ne, domin maƙwabcina ya fi ni 'ya'ya, ya fi ni ƙarancin samu, kuma bai ci ko tafin hannu na hanya ba.

Dattijo ne, tsohon malamin firamare. Ya same ni da sallama ya ce, "Malam, ruwan layin nan duka ta gabanka yake wucewa, idan ka toshe shi ina zai bi?" Na ba shi amsar da ɗan ƙanena ya ba ni. Shago ɗaya na bai wa mai injin niƙa, ɗaya na bai wa mai walda, suka hana unguwa barcin rana. Damina ta biyu, a watan Agusta, aka yi ruwa na dare, kwatar da na rufe ta cushe da leda, ruwan ya juya ya shiga gidan dattijon, katangar ɗakin matarsa ta zube. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Na sayi bulo na gyara masa, na ɗauka shi ke nan na fita haƙƙinsa, alhali shagunan suna nan, kwata tana nan a rufe. Ya rasu muna gaisawa sama-sama, ban taɓa zama na nemi gafararsa yadda ya kamata ba, kuma wannan ya fi asarar kuɗin ci mini rai.

Daga baya aka zo aka shafa wa shagunan jan fenti. Maimakon in je in ji laifina, sai na nemi wani ɗan tsakiya da ya ce ya san hanya, na ba shi abin da na ba shi, aka yi shiru shekara huɗu. Na goge fentin na ci gaba da karɓar haya. Ranar da aikin faɗaɗa titi ya iso, katafila ba ta ɗauki awa guda ba. Waɗanda aikin ya ci gininsu na halal an yi musu lissafin diyya, ni kuwa aka tambaye ni zanen da aka amince da shi, ba ni da shi, aka nuna mini taswira cewa inda na gina dama hanya ce. Ɗan tsakiyar nan ban sake ganinsa ba. Na shekara uku ina biyan bashin shagunan da babu su.

A lokacin ne na zauna na fahimci abin da ya kamata in sani tun farko. Tun 1978, da gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. Takardar shaidar mallaka da muke alfahari da ita izinin zama ce na wa'adi, galibi shekara 99 ga gidan zama, kuma tana tafe da sharuɗɗa. Gwamna na iya soke ta saboda buƙatar jama'a, ko saboda mai ita ya saɓa sharaɗi, kuma diyyar da doka ta tanada ta abin da ka gina ce, ba ta ƙasar ba. Ko sayar da filin za ka yi, sai da amincewar gwamna cinikin ke cika. Takardar ciniki da dillali ya rubuta, mai unguwa ya sa hannu, shaida ce cewa ka biya kuɗi, amma ba ta ba ka izinin ɗora bulo ko ɗaya ba.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma da na zauna rubutu sai na ga kaɗan ne ke da amfani, kuma ban tabbata za ku tsaya ku karanta ba. Yaran yanzu a waya kuke ganin fili, a waya kuke tura kuɗi, wani ma bai taka wurin ba sai bayan ya biya. Kafin ka ba da ko sisi, ka je ofishin da ke riƙe da taswirar filaye, KANGIS idan a Kano kake, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, ka bincika ko wurin hanya ne, ko makaranta, ko maƙabarta, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta. Sannan kada ka haƙa harsashi sai da zanen da hukumar tsara birni ta sa wa hannu. Idan gidan zama aka ba ka kuma kana son shago, ka nemi canjin manufa a rubuce, ka karɓi rasit na gwamnati a kan kowane kobo.

Na san abin da za ku ce, kuma da gaskiyarku. A Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, an rushe shagunan Filin Idi na Ƙofar Mata da gine-ginen Otal ɗin Daula a Kano, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne aka sayar ba bisa ƙa'ida ba, alhali da yawa daga masu su suna riƙe da takardun da gwamnatin baya ta ba su. Ke nan takarda ma ba ta hana katafila. Haka ne. Amma 'yan kasuwar Filin Idi sun je Babbar Kotun Tarayya, ta yanke musu diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ni ko ƙofar kotu ban iya dosa ba, domin ba ni da abin nunawa. Duk da haka, idan aka yi maka tayin fili a jikin masallacin idi ko makaranta ko badala, ka gudu, ko da takardar tana ɗauke da hatimi goma.

Da na so in ce kada ku sayi awon igiya ko kaɗan. To amma ina matashi mai ƙaramin albashi zai samu kuɗin awon gwamnati a yau? Ku saya idan babu makawa, sai dai ku bar hanya da faɗinta, ku bar wa ruwa mabi, ku fara neman daidaita takardu tun kafin unguwar ta cika. Kuma kada ku bai wa ɗan tsakiya komai. Ku bi fayil ɗinku da ƙafarku, ko da za a shekara, ko da yake na san haƙurin da ni na kasa shi nake ɗora muku. Abin da ke ba ni haushi shi ne, kun fi mu karatu, kun ji hadisin da ya yi gargaɗi a kan wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, amma da zarar an ambaci kuɗin haya sai kunnenku ya toshe.

Ɗan ƙanena ya saurare ni har na gama, kansa a sunkuye, sannan ya ce, "To Baffa, zan duba." Jiya na bi ta wurin, turakun suna nan inda suke. Na gaya wa mahaifinsa cewa ranar Asabar da sassafe zan koma da awo a hannuna, kuma ina so shi da mai unguwa da maginin su kasance a wurin.