Rijiyar garinmu ta tuna mini Labanan

Daren Juma'a mun zauna a zauren mai unguwa kan rijiyar burtsatsen da ta lalace wata biyu ke nan. Kuɗin gyara na nan, kowane gida ya bayar, amma an rasa wanda zai riƙe. Mutanen masallacin gabas ba su yarda da na yamma ba, na yamma ma haka. Sai wani dattijo ya ce a raba: shugaba daga nan, ma'aji daga can, har illa masha Allahu. Kowa ya ce madalla. Ni dai gabana ya faɗi.

Kakana, Allah ya jiƙansa, wani Kwara, wato ɗan Labanan, yake kai wa gyaɗa a Malam Madori, shi ya sa tun ina yaro nake kasa kunne in rediyo ta ambaci Labanan. Irin wannan rabon suka yi a 1943: shugaban ƙasa Kirista Maroni, firaminista ɗan Sunni, kakakin majalisa ɗan Shi'a. A majalisa kuwa, duk Kirista 6 Musulmi 5, bisa ƙidayar 1932. Yawan jama'a ya sauya, rabo bai sauya ba, kuma har yau ba a sake ƙidaya a hukumance ba, don kowa na tsoron abin da za ta fallasa. Yaƙi ya ɓarke a 1975, bai lafa ba sai 1990, bayan ya ci fiye da mutum 100,000. A Ɗa'ifa ta Saudiyya aka sasanta a 1989, aka mayar da kujerun majalisa raba-daidai. Yanzu 128 ne, 64 kowane ɓangare.

Ban raina wannan sulhu ba, wallahi. Wanda ya binne ɗansa ya san darajar shirun bindiga. Abin da ke ci mini rai shi ne yaron da aka haifa jiya a Bairut an riga an yanke masa kujerar da ba zai taɓa hawa ba. In manya suka ja daga kuma, komai ya tsaya: daga Oktoban 2022 zuwa Janairun 2025 ƙasar ba ta da shugaba.

A zauren, na ce wa dattijon nan, "Baba, a gafarce ni, a sa wa rabon nan wa'adi, ko shekara biyu ne."

Ya dube ni ya ce, "Malam, matanmu a kududdufi suke ɗiba. Bari a sha ruwa tukuna."

Ban iya musa masa ba. Mai gyara zai zo ran Litinin. Na roƙi magatakarda ya bar layi ɗaya fili a ƙasan takardar, kuma ya bari.