Daren da muka kalli Na Granitse ni da Kawu

Kawuna ya yi karatun injiniya a Tarayyar Sobiyet, har yanzu kuma Rashanci bai bar bakinsa ba. Ran Asabar na kai masa wani tsohon fim da na tsinta a YouTube, baƙi da fari, sunansa Na Granitse, wato "A Kan Iyaka". Kamfanin Lenfilm ne ya fitar da shi a 1938, Aleksandr Ivanov ya ba da umarni. Muka jingina waya da kwanon sha, shi yana fassara, ni ina zuba ido.

Labarin sojojin gadin iyaka ne a Gabas Mai Nisa, inda Rasha ta yi iyaka da Manchuriya, wani yanki na arewa maso gabashin Sin, da 'yan leƙen asirin da ke tsallakowa. Nikolai Kryuchkov ne kwamanda, mutum mai fara'a, ka gan shi hankalinka ya kwanta. Amma Erast Garin, wanda ya fito a matsayin Volkov maƙetaci, shi ya riƙe ni. Muryar nan tasa kaɗai ta isa ta tayar maka da tsikar jiki.

Tsoron da ke cikin fim ɗin yana da tushe. Japan ta mamaye Manchuriya tun 1931, kuma a shekarar da fim ya fito sojojin Japan da na Tarayyar Sobiyet suka gwabza a Tafkin Khasan.

Da aka kama maƙiyi na tafa. Kawu bai tafa ba. Ya ce, "Ɗana, ka san su wa suka zauna a bakin iyakar nan?" Na ce a'a, Kawu. Ya ce Koriyawa ne, manoma da masunta. A 1937 gwamnatin Stalin ta loda su a jiragen ƙasa, sama da mutum 170,000, zuwa Kazakistan da Uzbekistan, wai don kada Japan ta samu 'yan leƙen asiri a cikinsu. Ba a bar tsoho ba, ba a bar jariri ba. Hukumar NKVD, wato hukumar tsaron cikin gida ta Tarayyar Sobiyet, ita ce ta kwashe su, kuma sojojin iyakar da nake tafa wa a ƙarƙashinta suke.

Jikina ya yi sanyi. Na ce ya mayar mana da fim ɗin baya. A karo na biyu ban kalli kwamanda ba, gonaki da bakin kogin da ke bayansa nake ta dubawa.